Shekarun Takarda

Ƙanena ne, shi ne autanmu, kuma duk ƙasa da Koci aka san shi. Ni dai Auta nake ce masa har yau. Mutum ne mai son jama'a, ba ya rowa, ba ya riƙe mutum a zuciya. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. Tun yana yaro haka yake. In aka ɗora tukunya sai ya buɗe ta sau biyar kafin ta tafasa. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ko haihuwarsa bai bari wata tara ya cika ba.

Ya buga ƙwallo da ƙuruciyarsa, daga baya ya koma koyarwa. Shekarar da maigidana ya rasu, a shekarar ne hukumar ƙwallo ta ba shi ƙungiyar ƙasa ta yara 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Shi ya samo mini aikin wanki a sansanin da ake ajiye 'yan wasa, don in samu abin riƙe yarana. Ɗakin wankin yana bayan kicin. Injin wanki biyu ne, ɗaya lafiyayye, ɗayan sai an bubbuga shi yake tashi. Kowane ɗan wasa da kwandonsa da lambarsa a jiki. Ni ban san ƙwallo ba a lokacin, amma mai wanki tana sanin mutane ta aljihunsu.

Mataimakin Auta wani dattijo ne da ake kira Baba Alli, saboda kullum da alli a aljihunsa. Na sha fama da wandunansa. Kafin Auta ya zo, Baba Alli ya yi wata shida yana yawo makarantu, ya tara yara arba'in, 'yan sha biyar da sha shida na gaskiya. Sirara ne, jesi na yi musu yawa, wasu har kukan gida suke yi. Saura wata biyar a fara gasa, aka haɗa musu wasan gwaji, aka ci su huɗu ba ko ɗaya.

Ina shanya a bayan ofis na ji Auta da Baba Alli ta taga.

"Baba, waɗannan ba za su kai ni ko'ina ba."

"Za su kai ka, amma ba bana ba. Ka ba ni shekara uku. Yanzu suke koyon inda mutum zai tsaya in ƙwallo ba ta ƙafarsa."

"Shekara uku? Wa zai bar ni a kujerar nan shekara uku ba kofi?"

"To ka zaɓa. Kofi kake so ko 'yan wasa?"

"Kofi nake so, Baba. 'Yan wasa ai ba sa ƙarewa a ƙasar nan."

Sati bai zagayo ba aka zuba yaran nan a mota aka mayar da su gidajensu. Sai ga wasu sababbi sun iso, su ma wai yara. Ranar farko da na juye kwandunansu, reza na dinga tsinta a aljihu. Sau biyu suke aski a rana, safe da yamma. Takalmin wani, ƙafata biyu za su shiga ciki. In sun gaishe ni kuwa muryar kamar ta masu gida.

Na tare Auta a bakin famfo na ce, "Auta, yaran nan naka nono aka shayar da su ko siminti?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya ke nan. Ai shekarun gida daban, shekarun ƙwallo daban. Kowa haka yake yi."

"Ban san kowa ba, kai na sani."

"Ke dai ki wanke mana jesi ya fita tas. Takarda ta ce sha shida, magana ta ƙare."

A cikinsu akwai mai lamba biyar, ɗan baya, ana ce masa Katanga. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ga ladabi. Shi kaɗai yake ninke ƙazantattun kayansa kafin ya sa a kwando. Mama yake ce mini. Shekarunsa ashirin da biyar a lokacin, takarda ta ce sha shida. Tara cif aka cire masa.

Yadda Auta ya tsara musu wasa ba shi da wuya, har ni na gane. Kowa ya tura gaba. 'Yan baya su hau har layin tsakiya su tsaya can, a matse abokan karawa a gidansu. Bayansu kuwa fili ne fetal, ba kowa sai gola. In aka ɗaga ƙwallo ta wuce ta kansu, Katanga ya juya da gudu ya kamo ta. Wane yaro ɗan sha shida ne zai tsere wa ƙato ɗan ashirin da biyar? Da kafaɗa kawai yake ture su.

Baba Alli ya roƙi a ba shi ko rabin awa a rana, ya koya musu yadda ake ja da baya tare, da wanda zai riƙe wa, da wanda zai rufe gurbin ɗan'uwansa.

"Wannan da kake yi ba dabara ba ce, ƙarfi ne," ya ce da Auta. "Ranar da ƙarfin ya ƙare me za ka sa a wurin?"

"In ranar ta zo ma gani, Baba."

Suka ci kofi. Aka zagaya gari da su a buɗaɗɗiyar mota, aka sa hoton Auta a bangon shaguna. Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi murna, na yi guɗa. Kowa na cewa ƙasa ta samu yaran da za su yi mata shekara goma sha biyar suna wasa. Wanda ya gaji Auta a ƙungiyar yara ya ga hanya mai sauƙi, shi ma ya bi. Na bayansa ma haka. Aka daina zuwa makarantu neman yara.

Bayan shekara takwas aka ba Auta babbar ƙungiyar ƙasa. Ya kwaso mutanensa na da, mutum tara a cikin sha ɗaya. Baba Alli yana nan a matsayin mataimaki, amma sai dai ya ɗauki ƙwallaye ya ajiye. A takarda yanzu su Katanga 'yan ashirin da huɗu ne, lokacin da ɗan wasa yake ganiyarsa. A kwanduna kuwa wani labarin nake gani. Bandeji ya fi safa yawa. Ɗakin wanki ba ya rabuwa da warin man zafi. Wuyan farar jesi sai in ga baƙi-baƙi, rinin gashi ne gumi ya wanko.

Wasanninsu duk iri ɗaya suka koma. Kafin hutun rabin lokaci su ne da fili. Da an yi awa ɗaya sai ƙafa ta yi nauyi, a fara ɗaga musu ƙwallo ta baya. Masu sharhi a rediyo suka yi ta mamaki, wai matasa ne, me ke gajiyar da su haka? Hukuma ta ce lalaci ne. Sai ta ɗauko wani mai horar da jiki daga waje, mutum mai son aikinsa. Ya karɓi takardu ya duba shekaru, ya tsara musu tirenin daidai da 'yan ashirin da huɗu. Hawa matakalar filin wasa sau ashirin da safe, gudu da yamma.

Auta yana tsaye yana kallo, ya san abin da yake gani, amma ba bakin magana. In ya ce a rage, za a tambaye shi dalili. Dalilin kuwa shi ya sa masa hannu shekara takwas da suka wuce.

Da ƙyar da jan ciki suka kai wasan ƙarshe na neman gurbin zuwa babbar gasa ta duniya. Canjaras kawai suke buƙata, kuma a gida za a buga. Shugaban hukuma ya faɗa wa Auta a gaban mutane, in an je yana nan, in ba a je ba ya tattara kayansa. Ba abin da Auta yake so a duniya kamar a ce shi ne ya kai ƙasar nan wurin.

Saura kwana huɗu, da rana bayan tirenin, Katanga ya shigo ɗakin wanki. Ya kifa bokiti ya zauna, ya miƙe ƙafar dama da hannu biyu kamar ba tasa ba.

"Mama, kalli nan."

Ya naɗe wando. Gwiwar ta kumbura ta yi sulɓi, ko ƙashin ba a gani.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Tun da aka fara hawa matakalar nan."

"Ka nuna wa likita?"

"Ya ce yaro kamata kwana uku ya warke." Ya yi ɗan murmushi. "Ita gwiwar ce ba ta iya karatu ba, Mama. Ba ta san abin da aka rubuta a takarda ba."

Na jiƙa tawul da ruwan sanyi na ɗora masa.

"Ki yi wa Koci magana, ke yake jin nauyi. Ni in na buɗe baki sai ya ce na manta wanda ya fito da ni. Ba gudun wasa nake ba. Amma in ya ce in tsaya a tsakiyar fili in dinga juyawa da gudu, wallahi ba zan iya ba. Abokan karawarmu sun sa ido a kaina, sun san inda za su bi."

Na bar injin yana juyi na tafi ofis. Na tarar da Baba Alli a gaban allo, ya zana layi biyu kusa da raga, Auta na zaune ya dafe kai.

"Yaya, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Ka ga gwiwar yaron nan?"

"Na gani."

"To?"

"To me? In cire shi in sa wa? Na bencin ma sa'anninsa ne, ɗaya har ya girme shi." Ya juya wurin Baba Alli. "Baba, cikin yaran nan naka na makaranta, ba akwai wani siriri mai lamba biyar ba? Wanda ka yi ta yabo?"

"Akwai. Da yanzu shekararsa ashirin da huɗu ta gaskiya."

"Yana ina? Wace ƙungiya?"

"Motar haya yake ja. Na shiga motarsa bara, ya yi tumbi, ya ƙi karɓar kuɗina. Tun ranar da ka sa su a mota bai sake taɓa ƙwallo ba."

Baba Alli ya ƙwanƙwasa allon da alli.

"Canjaras muke nema. Ka sauko da su kusa da gida, layi biyu, kowa kusa da ɗan'uwansa. Ba mai gudu mai nisa. Katanga ya tsaya ya yi ta sa wa ƙwallo kai, wannan har gobe ya iya."

Ban taɓa ganin Auta ya saurari Baba Alli ba sai ranar. Ya ce to, a gwada da safe.

Washegari na ɗauki kwandon tawul na je bakin fili don in gani. Abin tausayi. Manyan mutane, an san su a ko'ina, amma ba su san yadda ake ja da baya tare ba. Biyu su bi mutum ɗaya su bar wani shi kaɗai. Wannan ya hau, wancan ya sauka. Gola yana ta ihu, ba mai jin sa. Har mutum biyu suka yi karo da kai. Baba Alli yana bin su a hankali yana jan hannun kowa zuwa inda zai tsaya, yana cewa a sake. A karo na shida sun fara ɗan daidaita, ni ma na lura. Amma Auta yana ta duba agogo. Minti ashirin da biyar ya iya daurewa, sai ya busa usur.

"Ya isa. Ku koma yadda kuka saba."

"Ka ba ni yau da gobe kawai," in ji Baba Alli.

"Baba, ruɗa su kake yi. Mu ci su biyu kafin hutu, shi ke nan. Katanga a yi masa allura."

Na bi shi har bakin mota. "Auta, ƙafar mutum ce fa."

"Wasa ɗaya ne, Yaya. Minti casa'in. Bayan nan ya huta wata uku, ni zan kai shi asibiti da kaina."

Ranar wasa ƙarfe huɗu na yamma fili ya cika har kan katanga. Ni ina bakin ƙofar da 'yan wasa ke fitowa, da tawul a kafaɗa. Suka fara kamar yadda suka saba, suka danne baƙin nan a gidansu. Minti ashirin muka ci ɗaya. Filin ya ɗauka. Auta ya yi tsalle ya rungume mai ɗaukar ruwa. Na biyun ne ya ƙi zuwa. Sau biyu ƙwallo tana dukan ƙarfe tana dawowa.

Da aka shigo hutu na miƙa wa Katanga tawul. Ya karɓa ya goge fuska.

Kocin baƙin ya san abin da yake jira. Ana cika awa ɗaya ya sako wani ɗan gaba siriri, fuskarsa ko gashi babu, ɗan sha tara na gaskiya. Ba su ɓata lokaci ba. Suka ɗaga ƙwallo ta kan 'yan bayanmu. Katanga ya juya, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma kafin ya yi taku biyar wancan ya yi goma. Ɗaya da ɗaya.

Har a lokacin muna da gurbinmu. Na ga Baba Alli ya kama hannun rigar Auta yana nuna masa baya, yana roƙo. Auta ya fizge, ya fito bakin layi yana kaɗa hannu, a hau, a hau. Na biyu yake so a take, ya kasa zama da canjaras na minti ashirin da biyar.

Suka hau. Aka sake ɗaga ta, wuri ɗaya, hanya ɗaya. Katanga ya juya a kan ƙafar dama, sai ƙafar ta tafi wani wuri shi ya tafi wani. Ba wanda ya taɓa shi. Ya faɗi yana dukan ciyawa da tafin hannu, aka wuce shi aka ci na biyu. Da aka zo da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya ta gabana, ya rufe fuska da jesinsa. Wanda aka sa a madadinsa ma bai fi shi gudu ba. Aka tashi uku da ɗaya. Mutane suka yi ta jifa da robobin ruwa, sai da 'yan sanda suka fitar da Auta ta ƙofar baya.

Da safe na je asibiti duba Katanga. Manyan hukuma suna ɗakin, da 'yan jarida uku a bakin ƙofa. Likitan ƙashi yana riƙe da hoton gwiwar, yana kallon hoton yana kallon takardar da ke jikin gado. Ana cikin haka sai ga wata yarinya da kayan makaranta, za ta yi shekara sha uku, ta kutsa tsakanin mutane ta faɗa kan gadon tana kuka tana cewa, "Baba, Baba." Matarsa ta biyo ta da sauri tana jan ta, tana cewa a hankali, "Kawu za ki ce, na hana ki." A nan na san cewa tun yarinyar tana ƙarama aka koya mata ta ce wa ubanta kawu in da mutane.

Ɗan ashirin da huɗu da 'ya mai sha uku. 'Yan jarida kuwa suka rubuta.

Aka kafa kwamiti. Aka tono takardun haihuwa, aka kira iyaye da malaman makaranta. Manyan da suka san komai tun farko suka ce ba su taɓa ji ba, aka bar Auta da sa hannunsa. Aka kore shi, aka hana shi aikin ƙwallo har abada. Kofin nan na yara aka zo aka ɗauke shi daga cikin gilashi. 'Yan wasa tara suka ajiye takalmi cikin shekara ɗaya, aka duba baya ba a ga masu tasowa ba. Yau shekara shida ƙasar ba ta ko kusanci gurbin nan ba. Ni ma sabon koci ya zo da tasa mai wankin.

Auta ya dawo ɗakin da ke ƙofar gidana da zama. Ba ya fita sai da hula har ido. Wata biyar ina masa magana kafin ya yarda muka je gaida Katanga. Muka same shi a tsakar gida a kan kujerar roba, sanda a gefe, ƙafar a miƙe, an ce ba za ta sake lanƙwasuwa ba. Matarsa ta amsa gaisuwata, ta Auta kuwa ta yi kamar ba ta ji ba.

"Koci, sannu da zuwa. Ku ba Koci kujera."

Auta ya zauna a bakin kujerar. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Ka yafe mini."

"Ba kai kaɗai ba ne. Ni ma da hannuna na sa hannu, ba ɗaure ni aka yi ba."

"Yanzu me kake yi? In akwai abin da zan iya..."

"Da can walda nake yi kafin ka ɗauko ni. Maigidana na da ya ce in koma, wurina yana nan. Na je ranar Litinin." Ya dubi ƙafar. "Walda tsugune take so, Koci. Na yi ta ƙoƙari har azahar, sai na dawo gida."

Muka zauna haka har inuwa ta bar inda muke, sannan na ce masa mu tafi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da yake buƙatar shekaru a ba shi shekarunsa. Ƙanena ya ƙi jiran shekara uku a koyar da yara, ya ƙi jiran kwana biyu a gyara tsari, ya ƙi jiran minti ashirin da biyar a tashi wasa, sai ya rasa aikinsa da sunansa, wani bawan Allah ya rasa ƙafarsa. Ƙaryar da aka yi don a yi sauri kuma ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, sai ta ɗaure bakin mai ita a ranar da ya fi buƙatar faɗin gaskiya. Duk wanda aka ba amanar yara, a fili ne ko a makaranta ko a gida, ya yi haƙuri ya koyar da su tun daga tushe, ko da wani ne zai zo ya ci amfanin bayan ya tashi.